Maganin Ciwon Bayan Firgici ta Hanyar Motsa Idanu: Asalinsa, Bunƙasarsa da Makomarsa

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Wannan karin magana ya taɓo wani al'amari da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna nazarinsa, wato yadda mummunan abin da ya sami mutum yakan ci gaba da addabarsa shekaru bayan abin ya wuce. Daga cikin hanyoyin da aka ƙirƙiro domin magance wannan lalura, da wuya a sami wadda ta jawo ce-ce-ku-ce kamar wadda ake kira EMDR, wadda ta ɓulla a ƙasar Amurka a ƙarshen shekarun 1980. Haruffan taƙaitawa ce ta sunan hanyar a Ingilishi, ma'anarsa kuwa ita ce rage raɗaɗin abin da ake tunawa da sake sarrafa shi ta hanyar motsin idanu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan hanya tun daga tsirowarta, ta bayyana yadda ake gudanar da ita, da sukar da ta sha, da inda ta dosa. Abin da za a gani shi ne, amfanin maganin ya riga bayaninsa tabbata: an gamsu cewa yana aiki tun kafin a san dalilin da ya sa yake aikin. Wannan tazara ce ta haifar da yawancin gardamar, kuma cike ta shi ne babban aikin da ke gaban masu bincike. A cikin maƙalar, kalmar “likita” na nufin duk wani ƙwararre kan lafiyar ƙwaƙwalwa da aka horar a kan wannan hanya.

2.0 Ciwon Bayan Firgici

Tun a Yaƙin Duniya na Farko likitoci suka lura da sojojin da ke dawowa daga fagen fama ba rauni a jikinsu, amma sun kasa barci, suna karkarwa, ƙara kaɗan sai ta razana su. Sai dai ba a ba wannan lalura matsayin ciwo mai cin gashin kansa ba sai a shekarar 1980, lokacin da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ita cikin bugu na uku na kundinta na tantance cututtuka. Halin da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam suka shiga, da fafutukar mata a kan fyaɗe, suna cikin abubuwan da suka kai ga haka.

Alamomin ciwon sun kasu gida huɗu. Na farko, abin da ya faru yakan riƙa faɗo wa mutum ba tare da ya so ba, a farke ko a mafarki, har ya ji tamkar yanzu ne yake faruwa. Na biyu, yakan guji duk wani wuri ko mutum ko zance da zai tuna masa da shi. Na uku, yakan riƙa zargin kansa, ko ya ɗauka duniya duk ba aminci. Na huɗu, jikinsa yakan zauna cikin shirin ko-ta-kwana, da saurin razana da rashin barci. Idan waɗannan suka haura wata guda, suka kuma hana mutum harkokinsa, to ciwon ya tabbata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na mutane sukan gamu da wani abin firgici a rayuwarsu, amma kashi 5.6 ne kawai daga cikinsu ciwon yakan kama.

3.0 Asalin Hanyar

An haifi Francine Shapiro a birnin New York a shekarar 1948, kuma adabin Ingilishi ta fara karantawa. Ciwon daji da aka gano a jikinta a 1979 shi ya karkata hankalinta zuwa ga dangantakar damuwa da lafiyar jiki, har ta koma nazarin halayyar ɗan Adam. Bisa ga bayanin da ita kanta ta bayar, a shekarar 1987 tana tafiya a wani lambun shaƙatawa a jihar Kalifoniya, sai ta lura cewa wasu tunane-tunane da ke damunta sun yi sauƙi, kuma hakan ya zo daidai da lokacin da idanunta suke kai da komo da sauri. Ta sake gwadawa da gangan, sannan ta jarraba a kan abokai da ɗalibai. Da ta ga yawancin mutane ba sa iya ci gaba da motsa idanun da kansu, sai ta riƙa kaɗa yatsunta a gabansu suna bi da kallo.

A 1989 ta buga sakamakon bincikenta na farko, wanda ta gudanar a kan mutum 22, cikinsu har da tsofaffin sojojin Biyetnam da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ta ba da rahoton cewa zama ɗaya tak ya rage musu raɗaɗin abin da suke tunawa ƙwarai da gaske, kuma sauƙin ya ɗore bayan wata uku. A 1990 ta kafa cibiyar horar da likitoci. A 1991 ta ƙara harafin “R” a kan sunan, wanda da EMD ne kawai, domin ta nuna cewa bayan rage tsoro, hanyar tana sauya yadda mutum yake fassara abin da ya same shi. Littafinta da ya shimfiɗa ƙa'idojin aikin ya fito a 1995. Ta rasu a 2019.

4.0 Yadda Ake Gudanar da Maganin

Shapiro ta tsara aikin a kan matakai takwas, motsa idanu a kan mummunan tunanin kuwa ba ya shigowa sai a na huɗu:

(i) Ɗaukar tarihin majinyaci da zaɓen abubuwan da za a yi aiki a kansu.

(ii) Shiri, inda ake bayyana masa yadda aikin yake, a kuma koya masa dabarun kwantar da hankalinsa idan abin ya yi masa nauyi.

(iii) Aunawa. A nan majinyaci zai fito da hoton da ya fi muni a cikin abin da ya faru, da mummunar maganar da yake faɗa wa kansa, da kyakkyawar maganar da zai so ta maye gurbinta, da wurin da yake jin abin a jikinsa. Zai auna damuwarsa daga 0 zuwa 10, bisa ma'aunin da aka aro daga Joseph Wolpe, ya kuma auna yardarsa da kyakkyawar maganar daga 1 zuwa 7.

(iv) Rage raɗaɗi. Majinyaci zai riƙe hoton a zuciyarsa yana bin yatsun likita da ido, dama da hagu, na kimanin rabin minti. Sai a tsaya, ya ja numfashi, ya faɗi abin da ya zo masa a taƙaice, a ci gaba daga nan har ma'aunin damuwa ya sauka.

(v) Dasa kyakkyawar maganar har ta zauna.

(vi) Bin jiki daga kai zuwa ƙafa domin gano ragowar ɗaurewa ko bugun zuciya.

(vii) Rufe zama cikin natsuwa.

(viii) Sake dubawa a farkon zama na gaba.

Alal misali, direban da ya yi haɗari har wani fasinja ya rasu, mai yiwuwa hoton da ke damunsa shi ne fitilar motar da ta nufo shi, maganarsa kuwa ita ce “ni na kashe shi”. Abin da ake nema shi ne ya kai matsayin da zai tuna daren ba tare da gumi ya karyo masa ba, ya kuma iya cewa “na yi iyakar ƙoƙarina” yana mai gaskata hakan. Ba a share abin daga ƙwaƙwalwarsa. Zafinsa ake cirewa, ya koma cikin jerin abubuwan da suka wuce. Zama guda yakan ɗauki minti 60 zuwa 90. A maimakon yatsu, akan yi amfani da fitila mai kai da komo, ko ɗan bugu a bayan hannun dama da na hagu, ko sauti a kunnuwa bi da bi.

Abin da ya bambanta wannan hanya da takwarorinta shi ne, ba a bukatar majinyaci ya zayyana abin da ya faru dalla-dalla, ba a yin muhawara da shi a kan tunaninsa, ba a kuma ba shi aikin da zai je gida ya yi.

5.0 Sukar da Hanyar ta Sha

Da yawa daga cikin masana sun karɓi labarin da shakku, kuma suna da hujja. Binciken 1989 ƙarami ne, Shapiro ce ta yi maganin, ita ce kuma ta auna sakamakon. Bugu da ƙari, an horar da dubban likitoci, bisa kuɗi, tun kafin a sami isassun gwaje-gwaje. Richard McNally na Jami'ar Harvard ya kamanta yaɗuwar hanyar, a 1999, da ta Franz Mesmer, wanda ya ruɗi Turai a ƙarni na 18 da da'awar warkarwa ta hanyar wani ƙarfin maganaɗisu. Ra'ayin masu suka a dunƙule shi ne: ɓangaren da ke aiki a cikin hanyar, wato sa mutum ya fuskanci abin da yake tsoro, tsoho ne, ɓangaren da yake sabo kuwa, wato motsin idanu, ado ne kawai.

Wannan suka ta tayar da tambayoyi biyu da ya kamata a rarrabe. Ta farko ita ce ko maganin yana aiki. Ta biyu ita ce ko motsin idanu yana da wata gudummawa a cikin aikin. Amsar ta farko ba ta daɗe ba ta fito. A 1995 Wilson da Becker da Tinker suka gwada shi a kan mutum 80, zama uku kowannensu, suka sami sauƙi mai yawa, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa sakamakonsa yana kafaɗa da kafaɗa da na hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ita ce aka fi amincewa da ita. Tambaya ta biyu ce ta yi tsauri. A 2001 Davidson da Parker suka tattara sakamakon binciken da aka yi zuwa lokacin, suka ce ba su ga bambanci ba tsakanin yin maganin da motsin idanu da yin sa ido a tsaye. Shekara goma sha biyu bayan haka, a 2013, Lee da Cuijpers suka sake irin wannan nazari da ƙarin bayanai, suka gano cewa motsin idanun yana ƙara wani abu matsakaici, musamman wajen dusashe hoton da rage zafinsa.

6.0 Me Ya Sa Yake Aiki?

Bayanin Shapiro shi ne, ƙwaƙwalwa tana da tsarin narkar da abubuwan da suka faru kamar yadda ciki yake narkar da abinci, amma firgici mai tsanani yakan sa abin ya tsaya ɗanye, da hotonsa da sautinsa da warinsa, motsin idanu kuma yakan sake tayar da injin. Wannan kwatanci ne mai saukin fahimta, amma yana da wuyar gwadawa. Robert Stickgold ya ba da shawara a 2002 cewa watakila hanyar tana kwaikwayon barcin mafarki ne, lokacin da idanu suke motsi da sauri ƙwaƙwalwa kuma tana tace abubuwan yini. Wasu suka ce motsin dama da hagu yana haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu ne. Wannan ra'ayi na ƙarshe ya raunana a 2008, da Gunter da Bodner suka nuna cewa motsa idanu sama da ƙasa ma yana yin aikin.

Bayanin da ya fi samun goyon bayan gwaji shi ne na ma'ajiyar wucin-gadi, wato sashen tunani da mutum yake riƙe abu da shi na ɗan lokaci, kamar lambar waya kafin ya rubuta ta. Wannan ma'ajiya ƙarama ce. Andrade da Kavanagh da Baddeley suka fara nuna alaƙarta da batun a 1997, daga bisani Marcel van den Hout da Iris Engelhard na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan suka faɗaɗa binciken. Tuno mummunan hoto yana cin wuri a ma'ajiyar, bin yatsu da ido shi ma yana ci. Taura biyu kuwa ba ta taunuwa, don haka hoton sai ya fito a dusashe, a haka kuma ƙwaƙwalwa take mayar da shi ajiya. Idan wannan bayani daidai ne, to kowane aiki mai shagaltar da tunani zai iya maye gurbin motsin idanu, kuma haka aka samu: ƙidaya da baya-baya da wasan kwamfuta na Tetris duk sun dusashe hoto a ɗakin gwaji, yayin da sauti a kunnuwa, wanda ba ya cin wuri sosai, ya kasa kai motsin idanu.

Binciken ƙwaƙwalwa kai tsaye ya ƙara haske. A 2018 de Voogd da abokan aikinta suka nuna, ta hanyar hoton ƙwaƙwalwa, cewa motsa idanu yana rage aikin amigdala, wani ɗan sashe da ke tayar da tsoro. A 2019 wasu masana a Koriya ta Kudu suka buga a mujallar Nature cewa ɓerayen da aka koya wa tsoron wani sauti sun fi saurin daina tsoron, kuma bai dawo musu ba, idan aka haɗa sautin da fitila mai kai da komo.

7.0 Karɓuwa a Hukumance

Hukumar tantance hanyoyin magani ta Birtaniya ta amince da hanyar a 2005, ta kuma jaddada hakan a 2018 ga manyan da firgicinsu bai shafi fagen yaƙi ba, tana mai ba da shawarar zama 8 zuwa 12. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin hanyoyin da ta amince da su ga yara da manya. Ma'aikatun tsaro da na tsofaffin sojoji na Amurka sun sanya ta a sahun gaba a ƙa'idojinsu na 2017 da na 2023. Sai dai Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, a 2017, ta ajiye ta a mataki na biyu. Wannan saɓani yana nuna cewa hukumomin sun yarda tana da amfani, sun bambanta ne a kan ƙarfin hujjar.

8.0 Makomar Hanyar

Ana iya hango makomar ta fuskoki huɗu.

Ta farko ita ce gyaran hanyar bisa sabon bayani. Ad de Jongh da Suzy Matthijssen a Holan sun fito da wani salo da suka kira EMDR 2.0, inda ake ɗora wa majinyaci ayyuka da dama lokaci guda, kamar bin yatsu da sauri tare da ƙidaya ko buga ƙafa, domin a cika ma'ajiyar taf. A ƙasar kuma aka gwada tattara maganin cikin kwana 8 a maimakon watanni, tare da motsa jiki. Idan aka ci gaba a kan wannan turba, wata rana idanu za su zama ɗaya daga cikin kayan aiki da yawa, ko da sunan bai sauya ba.

Ta biyu ita ce faɗaɗa ta zuwa wasu cututtuka. Wani gwaji da aka buga a 2015 ya nuna cewa masu taɓin hankali da ke fama da ciwon bayan firgici, waɗanda a da ake tsoron taɓa su, sun amfana ba tare da ciwonsu ya tsananta ba. Amma a yau ana tallata hanyar a kan baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye da ciwon jiki da sauransu. Cuijpers da abokan aikinsa sun yi gargaɗi a 2020 cewa yawancin gwaje-gwajen suna da rauni a tsarinsu, kuma hujjar da ake da ita a wajen ciwon bayan firgici ba ta isa ba. Haɗarin da ke nan shi ne a maimaita kuskuren shekarun 1990, a bar talla ta sha gaban bincike.

Ta uku ita ce fasaha. Annobar korona ta 2020 ta tilasta wa likitoci yin zama ta intanet, majinyaci yana bin ɗigo a fuskar kwamfuta. Wannan ya buɗe ƙofa, amma ya kuma haifar da manhajoji masu kiran mutum ya yi wa kansa magani. Tono mummunan tunani ba tare da ƙwararre a kusa ba yana iya dagula wa mutum lissafi, domin matakan shiri da rufewa su ne garkuwar majinyaci.

Ta huɗu, wadda ta fi kowacce nauyi, ita ce isar da maganin inda masifa ta fi yawa likitoci kuma suka fi ƙaranci. Bayan harin bam na birnin Oklahoma a 1995, wanda ya hallaka mutum 168, aka kafa shirin agaji na masu wannan hanya. Bayan guguwar Pauline ta 1997 a Meziko, Lucina Artigas ta ƙirƙiro “rungumar malam-buɗe-littafi”, inda mutum yake harɗe hannuwansa a ƙirji yana ɗan buga kafaɗunsa bi da bi, Ignacio Jarero kuma ya haɗa kai da ita suka tsara yadda za a yi wa yara da yawa magani a rukuni, suna zana abin da ya same su a takarda. An kuma gwada hanyar a kan 'yan gudun hijirar Siriya a sansanin Kilis na Turkiyya, aka sami sauƙi.

Wannan fuska ta shafi Nijeriya kai tsaye. Wani nazari da aka buga a mujallar Lancet a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Rikicin da ya ɓarke a Arewa maso Gabas tun 2009 ya raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu, ga kuma ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Maiduguri da Kaduna da Kware ba za su iya ɗaukar wannan kaya su kaɗai ba, ko da yake dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta share fage. Hanyar da ba ta tilasta wa mace ta buɗe baki ta zayyana abin kunyar da aka yi mata, ba ta kuma bukatar iya karatu, tana da abin da za ta bayar a nan. Amma akwai sharuɗɗa. Dole ne maganganun mataki na uku su fito da harshen majinyaci, Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, domin jimlar da aka fassara masa ba za ta taɓa zuciyarsa kamar wadda ya furta da kansa ba. Dole ne a nemo wa wanda bai saba da lambobi ba wata hanyar aunawa. Dole ne kuma a yi wa jama'a bayani, don kada a ɗauki kaɗa yatsu a gaban ido a matsayin rufa-ido ko tsibbu.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga yadda wata lura da aka yi a 1987 ta zama hanyar magani da manyan hukumomin lafiya suka amince da ita cikin shekara 26. An kuma ga cewa masu sukarta sun yi mata amfani, domin tambayoyinsu ne suka tilasta gwaje-gwajen da suka fito da bayanin ma'ajiyar wucin-gadi. Abin da ya tabbata shi ne tana magance ciwon bayan firgici daidai da sauran ingantattun hanyoyi, kuma motsin idanu yana taimakawa ta hanyar shagaltar da tunani. Abin da ya rage shi ne a auna ta da gaskiya a kan sauran cututtuka, a kuma horar da masu yin ta cikin harsunan mutanen da suka fi bukatarta.